Yadda ake ƙidayar itatuwan gona a ƙasar Damagaram don gano sawun sauyin yanayi

Duk shekara idan aka kammala yankan hatsi, ɗaliban da ke shirin rubuta kundin ƙarshen karatu sukan zo mini da take kusan iri ɗaya: tasirin sauyin yanayi a kan tsirrai a jihar Damagaram. Nakan tambaye su, wane itace, a gonakin wane gari, daga wace shekara zuwa wace shekara? A nan maganar kan tsaya. Saboda su na rubuta wannan jagorar, da kuma malamin gona ko ma'aikacin gandun daji da ke son sanin halin da itatuwan yankinsa suke ciki da hujja a hannu.

Kafin a ɗauki igiyar awo, a san ƙasar da za a shiga. A shekarun farin 1973 da 1984 ruwan sama ya ja baya a faɗin Sahel, har layukan ruwa da masana ke zanawa a taswira suka gangaro kudu da fiye da kilomita 100. Wasu itatuwa sun bushe a tsaye, wasu gatari ya ci su, don yunwa ta sa mutane sayar da itacen girki. Daga tsakiyar shekarun 1980 kuma manoma suka fara barin tohon da ke fitowa daga kututture, suna rage masa rassa, suna tsare shi. Shi ne sassaben zamani, wanda takardun hukuma ke kira RNA. Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya, ya yaɗa dabarar a yankin Maraɗi tun 1983. A nan wajenmu darajar gawo ta girmi wannan, don har yau ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarki Tanimun ya ɗora wa mai saran gawo a ƙarni na 19. Binciken da Larwanou Mahamane da Chris Reij da abokin aikinsu suka yi a 2006 ya kiyasta cewa kimanin hekta miliyan 1 ta sake yin itatuwa a Magarya da Matamaye da Mirya. A duk Nijar ana maganar hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200.

To ga inda gizo ke saƙa. Ruwa ya ɗan farfaɗo daga shekarun 1990, hannun manomi ma ya canza a daidai wannan lokaci. Idan ka ga gona cike da gawo, aikin sama ne ko na mai gona? Idan ka nemi ƙirya ka rasa, fari ne ya kashe ta ko turmi aka sassaƙa da ita? Duk matakan da ke biye hanya ce ta raba waɗannan biyun.

Mataki na farko: matse tambayarka

Tambayar da mutum ɗaya zai amsa da babur ɗaya cikin wata uku dole ta zama mai iyaka. Misali, shin gawo yana samun ƙanana masu tasowa a gonakin jigawa na arewacin Mirya kamar yadda yake samu a kudancin Matamaye? Ko kuma, waɗanne itatuwa ne dattawan wani gari suka tashi da su, yanzu babu?

Jiharmu tana da wata baiwa ga mai irin wannan aiki. Daga Magarya a bakin iyakar Najeriya, inda ruwan shekara kan haura milimita 500, ka ratsa birnin Zinder mai kimanin 400, ka isa Tanut inda da ƙyar yake kai 300, duk tafiyar yini ɗaya ce. Abin da ka gani a arewa yau yana iya haska maka abin da kudu za ta zama idan ruwa ya ragu. Sai dai ka gwada jigawa da jigawa, gona da gona. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, abin da ke bayanta ƙasar kiwo ce, kuma yadda ake taɓa itace a can daban yake. Wanda ya gwada gonar hatsi da makiyaya ya ce bambancin na ruwa ne, ya yi kuskure tun daga tushe.

Mataki na biyu: gaisuwa kafin awo

A fitata ta farko, a wani ƙauye kudu da Mirya, na sauka daga babur na shiga gona kai tsaye da igiya da jan fenti, don na ga an kwashe hatsi, ba kowa. Ban kai itace na biyar ba sai ga wani dattijo, jikansa na biye da shi. Muka gaisa, ya dubi fentin da ke jikin gawonsa, ya ce, "Ɗana, gwamnati ce za ta karɓi gonar, ko tara aka zo rubutawa?" Na ce, "A'a Baba, karatu ne kawai." Ya ce ya ji. Da na dawo bayan mako biyu an kankare fentin duka, ƙananan gawo uku da na auna kuma an sare su tun daga ƙasa. Har yau ina jin ciwon waɗannan ukun, don ni na jawo musu. Mutanen nan sun rayu a zamanin da itacen cikin gonarka ba naka ba ne, in ka taɓa shi a ci ka tara, shi ya sa da yawa suka gwammace su tumɓuke shi tun yana ƙarami. Dokar daji ta 2004 da dokar 2020 da ta tsara sassaben zamani sun kyautata matsayin manomi a kan abin da ya rena, amma tsoro ba ya fita rana ɗaya.

Saboda haka ka fara da takardar aiki daga jami'arka, ko ta André Salifou ce ta nan Zinder ko ta Abdou Moumouni ta Yamai. Ka nuna ta a ofishin gandun daji na gunduma da ofishin magajin gari, su kuma za su gaya maka inda bai kamata ka kwana ba. Daga nan fadar sarki, sannan ƙofar maigari, da goro a hannu. Ka faɗa masa a fili: "Ranka ya daɗe, ba gona nake aunawa ba, itatuwa nake ƙirgawa, kuma sunan kowa ba zai je wajen hukuma ba." Ranar farko kada ka zo da mai kaki. Ka roƙi maigari ya haɗa ka da manomi wanda ya san iyakar gonaki da sunayen itatuwa, ka yanka masa ladan yini tun kafin ku fita. Da ɗan gari akan ci gari. Kowace gona kuma sai da yardar mai ita.

Mataki na uku: lokaci da kayan aiki

Lokacin da ya fi dacewa daga ƙarshen Oktoba ne zuwa Disamba. An girbe, yawancin itatuwa ba su zubar da ganye ba, gawo kuwa lokacin yake fitar da sabon nasa, tun da shi da damina yake tsirara. Idan kana da hali, ka sake zagaye na biyu a watan Mayu bayan an yi sassabe. Bambancin ƙidayar farko da ta biyu shi ne zai nuna maka abin da manomi ya sare da abin da ya bari, da kuma abin da rani ya cinye.

Kayan ba su da yawa. Igiyar awo mai mita 50, tef irin na tela, sanda da ka yanke daidai mita 1 da santimita 30, doguwar gora da ka yi wa alama kowane rabin mita, turaku huɗu, waya mai GPS da batirin ajiya, tsofaffin jaridu da kwali, da ruwan sha fiye da yadda kake zato. Manhajar KoboCollect ta shigar da bayanai a waya tana aiki ko babu rezo, amma ka rubuta komai a kaye kuma, da fensir, don zufa na wanke tawada, waya kuma na mutuwa a rana.

Mataki na huɗu: shata fili

Ka tsaya a bakin gari ka ja layi huɗu a taswira, gabas da yamma, kudu da arewa, har iyakar gonakin garin. A kan kowane layi ka kafa fili duk bayan mita 500. Dalili shi ne gonakin bayan gida suna samun taki, a nan ake samun kuka da tsofaffin gawo, na nesa kuwa sabara da kalgo suka fi yawa. Wanda ya tsaya a gefe ɗaya rabin labari zai kwaso.

Kada ka zaɓi wuri da ido. Ido inuwa yake so, zai ja ka zuwa inda itatuwa suke. Inda mita 500 ta cika nan ne filinka, ko da fako ne fetal. Filin da ba itace ko ɗaya ka rubuta masa sifili, shi ma sakamako ne, kuma sau da yawa shi ne mai faɗin gaskiya.

A gona ana yin fili mai mita 50 a kan 50, wato murabba'in mita 2,500, rubu'in hekta. Don kusurwa ta daidaita, ka auna mita 3 a gefe ɗaya, mita 4 a ɗayan, tsakanin ƙarshensu ya zama mita 5, kamar yadda magina ke yi. Idan ka gama, ka ja igiya daga kusurwa zuwa kishiyarta, ya kamata ta ba ka mita 70.7. Itacen da ya faɗo a kan iyaka, in tsakiyar gindinsa na ciki ka ƙirga shi, in tana waje ka bar shi. Ka yi ƙoƙari filaye su kai 30 ga kowane irin wuri da kake son gwadawa, kuma idan ka yi goma a jere ba ka ci karo da sabon iri ba, ka kusa gama sanin abin da ke garin.

Yanzu babban abin: filin nan dole a iya sake gano shi bayan shekara biyar ko goma, don sauyin yanayi ba a ganinsa a zuwa ɗaya. Turken ƙarfe ba ya kwana a gona, GPS ɗin waya kuma yana kuskuren mita uku zuwa biyar. Ka binne dutse a kowace kusurwa, ƙasa da inda hauya ke kaiwa, ka rubuta nisan kusurwa ɗaya da wani babban itace da kuma ta wace fuska take, ka ɗauki hoto daga wannan kusurwar. Ka rubuta irin ƙasar da sunan da manomi ya ba ta, jigawa ce ko fako ko fadama, abin da aka noma, ko ana sa taki, da nisanta da burtali. Ka tambayi zurfin rijiyar garin, gaba nawa ce yanzu, nawa ce a da. Saiwar gawo tana nutsewa har ruwan ƙasa, don haka labarin rijiya labarinsa ne.

Mataki na biyar: auna manya

Ka jingina sandarka da gindin itace, ka zagaya tef a kan bakinta, wato mita 1.30 daga ƙasa. Abin da ka samu ka raba da 3.14, ka samu kauri. Zagayen santimita 157 kaurin santimita 50 ke nan. Idan itacen ya rabu ƙasa da sandar, kowane reshe awonsa daban. Masu tushe da yawa irin sabara da geza ana auna su a santimita 20 daga ƙasa. Ka yanke iyaka tun farko, a ce duk abin da kaurinsa ya kai santimita 5 babba ne, abin da bai kai ba ƙarami ne, ka rubuta ta a kundinka, kada ka canza a tsakiyar aiki.

Gajeren itace gora ta ishe shi. Dogo kuwa, ka riƙe kara a tsaye, hannunka a miƙe, tsawon karan sama da hannunka daidai da nisan hannun da idonka. Ka ja da baya har kan karan ya haɗu da kan itacen, gindin karan ya haɗu da gindinsa. Nisanka da itacen shi ne tsayinsa. Faɗin rassa kuma ana auna shi sau biyu a ƙasa, gabas da yamma, kudu da arewa.

Sannan ka dubi lafiyarsa, wannan ɗalibai suka fi tsallakewa. An sassare rassan don dabbobi? An ɓare ɓawon don magani? Akwai kauci a kansa? Gara ta shiga? Itacen da ƙishi ke kashewa yakan fara bushewa daga ƙololuwa yana saukowa, ya mutu a tsaye. Wanda gatari ya kashe kututture yake bari, da sawun sara. Kowane kututture ka auna shi, ka tambayi mai gona, "Baba, wannan mene ne a da, kuma me ya same shi?"

Mataki na shida: ƙananan, inda amsar take

Babban gawo mai shekara sittin labarin ruwan da ya wuce yake ba ka. Wanda zai gaya maka halin yau shi ne ɗan tsiron da bai kai gwiwa ba. A cikin babban filin ka shata ƙananan filaye biyar masu mita 5 a kan 5, huɗu a kusurwoyi, ɗaya a tsakiya. Ka durƙusa ka ƙirga duk ɗan itacen da ke ciki.

Ƙirga kaɗai ba ta isa ba. Ka tone yashin gindinsa a hankali da yatsa ko ƴar wuƙa, ka ga daga ina ya fito. Idan ka tarar da tsohon kututture mai kauri a ƙarƙashi, toho ne. Idan ya fito daga saiwar da ta kwanta ta nufi wani babban itace, ɗan saiwa ne. Idan kuwa saiwarsa siririya ce ta nufi ƙasa ita kaɗai, daga iri ya tsiro. Ka mayar da yashin yadda ka same shi. Toho yana rayuwa ne da saiwar da aka kafa tun zamanin ruwa mai yawa, shi ya sa sassaben zamani ya yi saurin kama ƙasa. Ɗan iri kuwa ba shi da gado, sai abin da daminar bana ta ba shi. Gonar da ƙanananta duk toho ne tana cin tsohuwar ajiya. Wadda ke da ƴaƴan iri da suka ƙetare rani, ita ce ta nuna cewa yanayin yau yana barin sabon zuri'a ta kafu. A ganina wannan bambanci ya fi duk wani lissafi da za ka yi daga baya daraja.

Ka lura da kashin dabbobi. Ƙwayar gawo tana da tauri, ta cikin tumbin saniya ko akuya takan bi ta faɗo a gona, shi ya sa gonar da makiyaya suka kwana takan fi ƴaƴan gawo. Kukokin Mirya kuma da yawansu hannu ne ya rena su saboda kuɗin ganyen miya, don haka yawansu ba shaidar ruwa ba ce.

Ka ɗaura wa ƙanana 30 zare mai launi da lamba, da sanin mai gona, ka dawo a Mayu ka ga nawa suka rayu. Idan kana da wanda za ka amince wa a garin, malamin lakwal ko wani ɗalibi, ka zaɓa masa gawo goma da aduwa goma, duk mako biyu ya rubuta ko akwai ganye, fure ko ƴaƴa. Shekaru kaɗan na irin wannan rubutu dukiya ne.

Mataki na bakwai: sunaye

Ka rubuta sunan da ɗan gari ya faɗa yadda ya faɗe shi, sannan ka nemi na kimiyya. Suna ɗaya kan hau itace biyu, wajen Gure kuma sunan Barebari za ka ji. Na kimiyyar ma sun canza: gawo da tsofaffin takardu ke kira Acacia albida yanzu Faidherbia albida ne, bagaruwa ta koma Vachellia nilotica, ɗakwara ta koma Senegalia senegal. Wanda bai san haka ba zai ƙirga itace ɗaya sau biyu idan ya zo gwada sakamakonsa da na magabata. Abin da ba ka gane ba, ka yanko reshe mai ganye da fure ko ƴaƴa, ka shimfiɗa shi cikin jarida tsakanin kwali biyu, ka danne, ka riƙa canza jaridar kullum har ya bushe. Ka sa masa lambar fili da kwanan wata, ka kai wa masana tsirrai a jami'a ko a INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa.

Mataki na takwas: zama da masu gari

Kada ka ce wa dattijo "a shekarar 1970". Ka ce zamanin Jori, zamanin Kunce, ko shekarar El Buhari, kamar yadda ake kiran yunwar 1984. Kuma kada ka fara da kalmar sauyin yanayi, don rediyo ta koya wa kowa amsar da baƙo ke so. Ka ce, "Baba, da kuna yara, me kuke tsinka a hanyar gona?" Za ka ji kanya, ɗinya, ɗanya, gwandar daji, faru. Sai ka bi su ɗaya ɗaya: yana nan, ya ragu, ko ya ɓace? Ina na ƙarshe ya tsaya? Me ya kashe shi? In an ce akwai saura ɗaya a bakin kwari, ku tashi ku je, gani ya kori ji.

Mata zamansu daban, kuma in da hali mace ta yi musu tambayar. Su ne masu itacen girki da ganyen miya, su suka san cewa tafiyar neman itace ta ragu ko ta ƙaru. Wata tsohuwa ta taɓa ce mini, "Ɗan nan, da marke muke girki, yanzu kara da kashin shanu." Na ce, "Inna, ina marken ya tafi?" Ta nuna mini rufin ɗakinta. Makiyaya, Fulani da Buzaye, su ma ka same su a mashaya, don abin da manomi ke kira ɓarna su abincin dabba suke kiransa, kuma sun san jiga da anza fiye da kowa.

Mataki na tara: ruwan sama

Hukumar kula da yanayi ta ƙasa tana da awon ruwan Zinder tun farkon ƙarni na 20, cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974 ita ma tana da tarin bayanai. Inda babu ma'auni kusa, akwai bayanan CHIRPS, wato kiyasin ruwan sama da ake yi da taimakon tauraron ɗan'adam, a intanet kyauta, daga 1981 zuwa yau, kowane gurbi kimanin kilomita 5. Ƙa'idar masana yanayi shekara 30 ce, abin da bai kai haka ba kada ka kira shi sauyin yanayi.

Ka nemi awon kullum, kada ka tsaya a jimillar shekara. Binciken da mujallar Nature ta wallafa a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu tsananin ruwa a Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Jimilla tana iya cika alhali ruwan cikin ƴan kwanaki ya zubo ya gudu, ɗan tsiro kuwa tsawon kwanakin da ba ruwa ne ke kashe shi. Ka fitar da ranar faɗuwar damina ta kowace shekara bisa ƙa'idar Sivakumar, wanda ya yi aiki a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Nijar: bayan 1 ga Mayu, a samu milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma cikin kwana 30 masu biyowa kada a yi fiye da kwana bakwai ba ruwa. Ka ƙirga kuma tsaiko mafi tsawo a kowace damina. Idan ka kafa ma'auninka a gari, a karanta shi kowace safiya a lokaci ɗaya.

Mataki na goma: kallo daga sama

Tauraron ɗan'adam na Landsat yana ɗaukar hoto tun 1972, amma ƙwayar hotonsa ta zamani mita 30 ce, itacen da ke tsaye shi kaɗai a gona yakan ɓace a ciki. Ta tauraron Sentinel-2 kuwa mita 10 ce, daga 2015. Google Earth kan nuna itace ɗaya ɗaya, akwai kuma tsofaffin hotunan jirgin sama na shekarun 1950 da na 1975. Tarkon da ke nan shi ne koren watan Agusta, wanda yawancinsa hatsi ne da ciyawa, gawo kuwa lokacin ba ganye. Ka ɗauki hoton Janairu ko Fabrairu, koren da ka gani a lokacin na itace ne. Da irin waɗannan hotuna wani mai bincike, Gray Tappan, da abokan aikinsa suka gwada gonakin da ke kusa da juna a ɓangarori biyu na iyakar Nijar da Najeriya, ruwa ɗaya, ƙasa ɗaya, amma yawan itace ba ɗaya ba. Kai ma ka nemi irin wannan gwaji a ƙaramin mataki: garuruwa biyu maƙwabta, ɗaya na sassaben zamani, ɗaya bai damu ba.

Mataki na sha ɗaya: lissafi

Ka shigar da bayanan kowace rana a kwamfuta a daren ranar, layi ɗaya ga itace ɗaya. Yawan itace a hekta shi ne abin da ka ƙirga a fili sau huɗu, a ce ka samu 9, 36 ke nan. Sannan ka jera kauri rukuni rukuni, 5 zuwa 10, 10 zuwa 15, har sama, kowane iri da zanensa. Ƙanana da yawa, manya kaɗan, alamar iri mai gaba ce. Manya zalla ba na ƙasa, irin yana tsufa, ko da inuwarsa ta cika gari. Ka lissafa yawan ire-ire da ma'aunin Shannon, wanda ke haɗa yawan ire-ire da rabon kowane iri a lamba ɗaya, don gona na iya ninka yawan itace alhali iri uku ne kawai suka mamaye ta. Idan masu ƙaruwa su ne masu jure ƙishi irin aduwa da tumfafiya, masu raguwa kuma su ne na ƙasar ruwa irin ɗorawa da kanya, kuma kututturan sara ba su da yawa, a nan ne kake da damar ambaton yanayi.

Masu son lissafin kabon da itace ke ajiyewa a jikinsa su yi amfani da ma'aunin nauyin itace da masu bincike ƴan Nijar suka fitar musamman don gawo da ƙirya, don wanda aka gina a dazuzzukan ruwa bai san itacen da ake sassarewa duk rani ba. Kabon kusan kashi 47 cikin 100 ne na nauyin busasshen itace, a ninka da 3.67 a samu nauyin iskar carbon dioxide (CO2) da ya tsare. Kilo 1,000 na busasshen itace kilo 470 ne na kabon, kimanin kilo 1,725 na iskar.

Mataki na ƙarshe: komawa

Idan ka kare kundinka, ka koma garin. Ka zauna a ƙofar maigari ka faɗa musu da Hausa abin da ka samu, wane iri ne ke tasowa, wanne ne ba shi da magaji. Sau da yawa a nan wani zai gyara maka kuskure, ya ce ai gonar nan ta canza hannu shekara uku da suka wuce, sabon mai ita ne ya sassabe. Ka rubuta gyaran. Ka bar wa lakwal ɗin garin kwafin jerin sunayen itatuwa.

Wuraren filayenka, hotunan kusurwa, kayen fensir da jadawalin kwamfuta kuma ka yi musu kwafi uku: ɗaya wajenka, ɗaya wajen malaminka, ɗaya a ɗakin karatun sashenku. A shafin farko ka rubuta iyakar kaurin da ka ɗauka, tsayin da ka auna, watan da ka fita, da shekarar da ya kamata a sake auna filayen, wato bayan shekara biyar, a cikin watan da ka yi na farko.